Yadda ake rubuta wa yara labarin ɗan tsere ba tare da ya koma wa'azi ba

Masu fara rubuta wa yara littafi a nan Yamai suna son labarin yaron da ya iya gudu, kuma suna da hujja, don babu yaron da bai san daɗin tsere wa abokinsa ba. Sai dai rubuce-rubucen da ake kawo mini in duba kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa. Babi na farko yaro talaka ne, na biyu ya yi addu'a, na uku ya ɗaga kofi. Abin da ke tsakanin addu'ar da kofin, wanda shi ne littafin, babu shi.

Fara da zaɓen tseren tun kafin ka raɗa wa yaron suna, kuma ka zaɓi ƙarami. Gasar makarantun unguwa ta isa, ko mita 800 a gaban ƴan lakwal ɗinsu. Kada ka kai shi Olamfik. Lambobi biyu Nijar ta taɓa samu a can: tagulla ta Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfa ta Abdul Razak Alfaga a taekwondo a 2016. Babu ta gudu ko ɗaya. Ɗan shekara 12 da ya tashi daga unguwar Bukoki ya ci duniya cikin shafi 60, yaran da kansu za su gane ka yi musu ƙarya.

Yanzu ga inda aikin yake: atisaye. Rabin littafin nan ya kamata ya tafi, ni dai a wurina doka ce. Kuma ba a rubuta shi daga kan tabarma. Ka tashi bayan sallar asuba ka je wajen filin wasa na Seyni Kountché ka tsaya ka kalli masu gudu, in da hali ka bi su ko da zagaye ɗaya ne. Zagaye ɗaya na hanyar gudu mita 400 ne, don haka mai mita 800 sau biyu zai zaga, kuma a zagaye na biyu ne ake sanin wanda ya yi gaggawa tun farko. Ka lura da abin da jiki ke yi. Akwai abin da ke sukar mutum a ƙasan haƙarƙari har ya dafe wurin yana gudu a karkace. Miyau yana yin kauri. Washegari cinyoyi suna ƙin lanƙwasuwa, yaro ya kasa durƙusawa ya gaida kakarsa, ita kuma ta ɗauka girman kai ya fara. Irin wannan nake so in gani a shafi, ba "ya yi ta ƙoƙari dare da rana" ba.

Yanayi ma ya shiga. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, ba mai hankalin da zai sa yaro gudu da hantsi. Lokacin hunturu ƙura ce ke shaƙe maƙogwaro, leɓe ya tsage. Idan ka kai labarin Tawa, yashi zai riƙa cinye ƙafarsa, ƙarangiya ta manne masa a wando. Sannan ci gaban ya zo a hankali, yana yi yana komawa baya: mako ɗaya ya rage daƙiƙa biyar, mako na gaba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ya tashi ya tarar komai ya zube. Nan ne mai karatu zai ga naci da idonsa, ba sai ka ambata masa ba.

Maganar takalmi kuwa, kowa yana so ya sa yaronsa gudu ba takalmi saboda Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 da ɗoriya a birnin Roma a 1960 ƙafa tsirara. Suna mantawa soja ne mai koci, kuma da ya sake ci a Tokyo a 1964 da takalminsa ya yi. Takalmin gwanjo da ya yi wa yaro yawa, aka cusa tsumma a gabansa, ya fi ba da labari.

Bayan haka sai gida. Goyon bayan iyali da bai ci musu komai ba, ba ya taɓa zuciyar kowa. Dole wani ya rasa wani abu. Kuma a samu mai adawa wanda hujjarsa ke da ƙarfi, ba mugu ba. A ce jarumar yarinya ce, Mushe kuma malamin makarantarsu ne:

"Inna, Mushe ya ce in zo fili ranar Asabar."
"To tallar fa, wa zai ɗauka?"
"Yaya ya ce zai kai."
"Yayan naki da ke jin kunyar ɗaukar faranti a ka? Allah ya kai mu Asabar ɗin."

Ranar da yayan ya ɗauki farantin ƙosan nan ya wuce ta gaban abokansa suna masa dariya, an gama nuna goyon baya. Ba sai uba ya tara iyali ya yi jawabi ba.

Imani shi ma haka. Ka sa shi cikin agogon yaron: kiran sallar asuba ne ke tashinsa, yana alwala da ruwan randa mai sanyi yana jan tsaki, kaka tana tofa masa addu'a a ka yana gocewa don ya makara. A yi babi guda a watan azumi, inda atisaye ya koma bayan buɗe-baki. Abin da ba na yarda da shi sam shi ne addu'a ta zama ciniki, ya roƙa yau ya ci gobe. Abokin hamayyarsa ma fa yana salla, uwarsa ma ta kwana tana roƙo. Bar yaronka ya yi addu'a ya faɗi a tsakiyar littafi, ya tambayi malamin allonsa dalili, malam ya ba shi hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali a layi biyu, ya kora shi ya je ya wanke allonsa.

Tseren ƙarshe kada ya wuce babi ɗaya. Ya zo na ɗaya ko na biyu, wannan ruwanka ne.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Gajerun babi, wanda yaro zai gama a zama ɗaya. Ka karanta wa ƴan aji CM1 ko CM2 (aji biyar ko shida na firamare) da babbar murya, duk inda suka fara tsokanar juna ka yanke wurin. Zane yana cin kuɗi, guda biyar baƙi da fari sun wadatar, kuma kwafi kaɗan na fotokofi sun isa gwaji kafin ka zuba jikkunanka a maɗaba'a. In ka je wurin mai bugawa, sa ya fitar maka da shafi ɗaya tukuna ka duba ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, don wasu kwamfutocin ƴan akwatuna suke mayar da su.