Idan gabanka na faɗuwa a ranar farko ta atisaye

Duk matashin da ya zo koyon ƙwallon kwando a wajena, namiji ko mace, abin da nake fara gaya masa shi ne faɗuwar gaban nan ba ta nufin ba zai iya ba. Jiki ne ya saki sinadarin adiranalin. Shi ke sa zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, wani ma fitsari ya matse shi alhali yanzu ya fito daga bayi. Kada ka wahalar da kanka wajen korar wannan tsoro. Rage abin da ke rura shi kawai.

Rashin sanin abin da za ka tarar, shi ne kan gaba. Kafin ranar, je ka kalli atisayen daga gefe. Lura da inda ake ajiye jaka, da yadda ake ɗumama jiki, da abin da 'yan wasa ke yi idan koci ya busa usur. Ranar da za ka fara kuwa, yi sammako. Ka iske mutum biyu suna ɗaura igiyar takalmi ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba a kan ka iske ashirin sun yi layi, kowa ya juyo yana kallonka. Je wajen koci ka ce, "Malam, yau na fara." Daga nan ba mai jiran ka nuna wata bajinta.

In ƙirjin ya matsa, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Tsawaita fitar numfashin ne ke rage gudun zuciya. Sannan ka ba kanka aiki ɗaya tak, misali, "Yau hannuwana biyu a shirye suke duk lokacin da aka jefo min ƙwallo." Sauran a bar wa gobe.

Za ka ji kamar duk ido yana kanka. To, ni ne ke tsaye a gefe ina ganin kowa, kuma wanda kake tsoron dariyarsa yana can yana cizon yatsa kan ƙwallon da ya ɓarar ɗazu. In ka jefa ƙwallo ba ta ko taɓa ƙarfen kwandon ba, juya ka ruga ka koma tsaron gida. Wanda ake lura da shi shi ne wanda ya tsaya ya dafe kai yana kallon ƙasa, har abokan hamayya suka wuce shi suka ci.

Masu cewa sun makara kuwa, Joel Embiid ɗan Kamaru sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, a 2023 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Anthony Joshua yana da 18 ya fara dambe, ya ci zinare a gasar Olympics ta 2012 a Landan. Ban ce kowa zai kai inda suka kai ba, amma shekara 15 ko 18 ba tsufa ba ne.

A ganina rana ta biyu ta fi ta farko wuya. Ciwon jiki yakan tsananta ne tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan atisaye, cinyoyi su ɗaure har hawa bene ya zama aiki. A nan nake rasa sababbin yara. Ka koma ko da a hankali za ka yi, ka sha ruwa, ka samu barcin awa 8 zuwa 10. Amma ciwo mai suka a gwiwa ko idon sawu, ko kumburi, wannan daban ne, a nuna wa likita.

In kuma makonni sun wuce tsoron na hana ka barci ko yana sa ka amai, ko akwai wani da ya sa ka a gaba da ba'a, kada ka yi shiru. Gaya wa koci ko iyayenka tun kafin atisaye na gaba.