Kurakuran da aka fi yi wajen sauya kwas a jami'ar The Sims 2

Tun da aka sake fitar da wasan kwamfuta na The Sims 2 a Janairun 2025 tare da University, ƙarin da aka yi masa a 2005 mai kawo rayuwar jami'a, sababbin 'yan wasa ke faɗawa ramin da na da suka faɗa. Jami'o'i uku ne: Sim State, La Fiesta Tech da Académie Le Tour. Kwasa-kwasai 11, zango takwas, kowane zango awa 72 na agogon wasa. Sauya kwas ba wuya, ta waya ko kwamfuta ake yi. Lokacin da aka yi shi ne ke jawo matsala.

Babban kuskure shi ne sauyawa ana dab da jarrabawa. Kowane kwas yana da ƙwarewar da yake nema a kowane zango, kuma ma'aunin ƙoƙarin ɗalibi ba ya cika sai an kai ta. Ɗan wasa zai kwashe kwana biyu yana sa Sim ɗinsa (mutumin da yake sarrafawa a wasan) zane, sai ya mayar da shi fannin Lissafi saura awa goma. Nan take buƙatun suka canza. Duk aikin gida da zuwa aji ba za su ɗaga ma'aunin ya wuce inda ya tsaya ba. Maganin shi ne a jira a gama jarrabawa, kuɗin tallafi ya shigo, sannan a sauya a farkon sabon zango, awa 72 na nan cif. A buɗe shafin ƙwarewa a ga abin da ya rage: dara don kaifin tunani, madubi don iya magana, allon zane don ƙirƙira, kantar littattafai don girki, gyara da tsafta.

Sakacin nan yana cin aljihu. Sakamako mafi kyau na kawo Simoleon (kuɗin wasan) 1,200 a zango. Wanda ya faɗi kuwa ana ja masa kunne ya maimaita, in ya sake faɗuwa a kore shi.

Na biyu shi ne jan ƙafa. Wanda ya shiga shekara ta uku bai zaɓi komai ba, wasan zai jefa shi Falsafa ba tare da shawara ba. Ana iya fitar da shi a cikin wannan shekarar, amma da zarar an shiga ta huɗu ƙofa ta rufe, abin da ke hannu da shi za a kammala.

Lokacin aji ma yana canzawa tare da kwas, ana yawan mantawa da wannan. Sai ka ga Sim na sharar barci ana can ana darasi. A duba sabon jadawali nan da nan.

Akwai kuma masu bin duk abin da ya fito a akwatin buri. Sim ya nuna yana son wani kwas, sai a sauya don 'yan makin da cika buri ke kawowa. Ba ciniki ba ne mai riba, domin digiri yana da alaƙa da aikin da za a nema bayan kammalawa: Nazarin Halittu na ɗaga mai shiga likitanci, Wasan Kwaikwayo na taimakon mai son harkar fim. A ƙarshen shekara ta biyu wasan yana ba da damar sauya babban burin rayuwar Sim, to nan ne ya fi dacewa a yanke shawarar kwas gaba ɗaya, saura zango biyu a gyara in an yi kuskure.