Ga 'yan'uwa mazauna ƙananan garuruwan Amurka: dashen itace a Afrilu

Assalamu alaikum jama'a. Da zarar ƙanƙara ta narke, ƙananan garuruwa kan shirya taron dashen itatuwa da share unguwa, galibi kusa da Arbor Day, wato ranar bikin dashen itatuwa da ake yi a Juma'ar ƙarshe ta Afrilu. A jihar Nebraska aka fara wannan biki a 1872. Ku duba shafin ƙaramar hukumarku, wasu garuruwan na raba dashe kyauta, kuma yara na jin daɗin zuwa.

In kin samu naki ko ka samu naka, kada a kama shebur tukuna. A fara kiran lambar waya 811 ranakun aiki biyu ko uku kafin haƙa, ma'aikata za su zo su yi alamar bututun gas da wayoyin da ke ƙarƙashin ƙasa, ba a biyan ko sisi.

Ramin ya ninka faɗin saiwar sau biyu zuwa uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsayinta. Nan mutane suka fi kuskure: suna binne wuyan itacen, gindin ya riƙa ruɓewa a hankali. Wurin da gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa ya zauna a saman ƙasa. Ɓawon itacen da ake zubawa kewaye kuwa, kaurin inci biyu zuwa huɗu ya isa, kuma kada ya taɓa gindin, ko da kun ga maƙwabta sun tula nasu kamar suri.

Shekara biyun farko a riƙa ban ruwa sosai duk mako in ba a yi ruwan sama ba. Itacen da ke tsakanin titi da hanyar masu ƙafa kuma yawanci na hukuma ne, a nemi izini kafin a sare reshe.