Darasi na Bakwai: Idan Fetur Ya Ƙi Kaiwa Injin Tsohuwar Tarakta

Yawancin taraktocin da ke aiki a gonakin jihar Kaduna yau man gas suke sha. Wannan darasi na mai tsohuwar tarakta ne mai shan fetur, irin Ferguson mai ruwan toka da aka ƙera a Ingila daga 1946 zuwa 1956, ko Ford 8N ta Amurka da aka yi daga 1947 zuwa 1952. Gininsu mai sauƙi ne. Tanki yana saman inji, kafireta, wadda ke haɗa mai da iska, tana ƙasa daga gefe. Babu abin da ke tura man, da nauyinsa yake gangarowa. Shi ya sa ɗan datti kaɗan ya isa ya tare masa hanya.

Da tarakta ta mutu, hannun mutane da yawa kafireta yake fara zuwa. Kada ka yi haka. Ita ce ta ƙarshe. Ka bi man tun daga tanki, sannu a hankali, har ka iske inda ya tsaya.

Da farko ka tabbatar matsalar ta mai ce. Sa giya a firi, ka ja cok, ka juya inji sau biyu ko uku, sannan ka kwance fulogi ɗaya. In bakinsa a jiƙe yake yana warin fetur, mai yana zuwa, sai a duba ɓangaren wuta. In a bushe yake ƙayau, mai bai iso ba. Haka nan tarakta da ba ta tafiya sai an ja mata cok, ƙishin mai take ji.

Yanzu ka bar inji ya huce, ka cire wayar batir. A fili za ka yi aikin, nesa da murhu, ba sigari, ba ashana. Ajiye bokitin yashi kusa da kai.

Murfin tanki

A jikin murfin akwai 'yar huda da iska ke shiga. Ƙurar hunturu da tsatsa sukan toshe ta. Alamarta ba ta ɓuya: tarakta za ta tashi lafiya, ta ɗan yi huɗa, sai ta fara shaƙewa ta mutu, bayan ta huta kuma ta sake tashi. Da ta mutu, maza ka kwance murfin. In ka ji iska ta shige ciki da ƙara, ka gano ɓarawon. Wanke murfin, ka buɗe hudar.

Famfo da kwalba

A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfo, a gindinsa kuma 'yar kwalbar gilashi. A Ford 8N, juyi biyu ake yi wa famfon don aikin yau da kullum. In aka buɗe shi gaba ɗaya, man ajiya na can ƙasan tanki yake saukowa, kuma nan ne laka take kwanciya. Wanda bai san wannan ba yakan zaci mai ya toshe, alhali na saman ne ya ƙare.

Dubi kwalbar a rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka za ka gan shi kwance a ƙasa, da layi tsakaninsa da mai. Tsatsa kuma takan taru ja-ja kamar garin barkono. Rufe famfo, sassauta notin da ke ƙasan kwalbar, ka riƙe ta da kyau kada ta faɗi, domin samun irinta ba sauƙi. A samanta akwai raga siririya da gaskit, wato zoben da ke hana yoyo. Wanke ragar da fetur mai tsabta. In gaskit ɗin ya bushe ya tsage, canza shi, in ba haka ba mai zai riƙa yoyo kusa da inji mai zafi.

Gwajin da ya fi kowane amfani

A gindin kafireta akwai notin zubar da mai. Tara gwangwani mai tsabta, buɗe famfo, ka kwance notin. Kada zubar farko ta ruɗe ka, wanda ya taru a cikin kafireta ne. Tsaya ka ƙirga minti biyu cur. Mai lafiya zai ci gaba da zuba a miƙe ba yankewa. In ya koma ɗis-ɗis, akwai toshewa a sama. Sai ka kwance bututu daga bakin kafireta ka sake gwadawa. In a nan yana zuba sosai, ka duba ragar da ke cikin gwiwar da bututun ya shiga, wadda mutane da yawa ba su ma san da ita ba. In a nan ma ɗiga yake, matsalar tana bututu ko ragar cikin tanki. Hura bututun da famfon keke. Bututun da aka ajiye a kwance ba rufi, zanzaro kan gina laka a bakinsa.

Bututun ƙarfe ne tun asali. Kada ka musanya shi da tiyon roba na ruwa, fetur zai cinye shi, zafi kuma ya narkar da shi. Filtar mota ma ba lallai ta yi ba, domin wasu sai da famfo mai turawa mai yake ratsa su.

Kafireta

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za ka zo nan. A cikinta akwai ɗan kumbon tagulla da ke yawo a saman mai, yana ɗaga wata allura da ke rufe hanya idan mai ya cika. In allurar ta maƙale a rufe, mai ba zai shiga ba. In ta maƙale a buɗe, za ka ga fetur yana tsiyaya, salansa kuma tana fitar da baƙin hayaƙi. Ƙwanƙwasa jikin kafireta a hankali da ƙotar sukundireba, sau da yawa takan sake. In ka buɗe, girgiza kumbon kusa da kunnenka. In ka ji mai yana motsi a ciki, ya huje, sai sabo. Kada ka tura waya cikin ƙananan hudojin, za ka faɗaɗa su ta riƙa shan mai ba gaira ba dalili. Iska ake hurawa. Kafin ka kwance kowace kusar saiti, ƙirga juyinta ka rubuta. In za ka kasuwar Panteka neman kaya, tafi da tsohon a hannunka, ka gwada shi da sabon kafin ka biya.

Tankin da ya huje, kada ka kai wa mai walda yana warin fetur. Tururin da ke ciki yakan fashe ko da babu ɗigon mai.

Man 'yan bumburutu, in ya zama dole ka saya, tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta. Rufe famfo kullum in ka tashi aiki. In za ka ajiye tarakta da rani, zubar da man kafireta, domin fetur in ya daɗe yakan bar danƙo.

Aikin gida

Zana hanyar mai daga tanki zuwa kafireta a littafinka, ka sa alama a duk inda raga take. Sannan ka rubuta jimla biyu a kan abin da za ka fara dubawa idan tarakta ta mutu a tsakiyar huɗa, ta kuma tashi bayan ta huta.