Shigar da maƙala cikin Zotero da lambar DOI

DOI lamba ce ta musamman da ake ba maƙala don a gane ta a intanet. Kowace lambar DOI da "10." take farawa, galibi tana shafin farko na maƙala. Kwafe ta, buɗe Zotero (manhajar tattara manazarta), danna alamar sandar dabo da ke sama, ka liƙa. In da intanet, nan take sunan marubuci, shekara da mujalla za su fito.

Amma kada ka saki jiki. Wani lokaci taken yakan zo da manyan baƙaƙe zalla, ko sunan mahaifi ya zauna gurbin sunan yanka. Gyara tun yanzu, kafin kuskuren ya bi ka har jerin manazarta. In kuma PDF ɗin maƙalar ka saka maimakon DOI, wanda hoto ne kawai Zotero ba ya karanta shi, sai ka cike bayanansa da hannu. Ma'ajiyar kyauta da Zotero ke bayarwa a intanet megabait 300 ce, PDF ke cinye ta.