Darasi na Bakwai: Shiri Kafin Gobara a Wurin Aiki

A watan Janairun 2021, ana tsakiyar hunturu, gobara ta tashi a Babbar Kasuwar Sakkwato, ta cinye shaguna masu yawa. Hunturu lokacin gobara ne. Katako da kwali da yadi duk sun bushe ƙayau, ga iska tana kwasar wuta daga wannan rumfa zuwa waccan.

Mu leƙa wani shagon ɗinki mai ma'aikata goma. Janareto yana bakin ƙofa, jarkar fetur tana gefensa. An tara yadi a lungu, kusa da wayar wuta da aka ɗaure da leda. Ƙofar baya an garƙame ta da kwaɗo saboda ɓarayi, makullin yana aljihun maigida, shi kuwa ya tafi masallaci. In wuta ta kama a bakin ƙofa, ta ina mutum goman nan za su fita?

Gyara wannan haƙƙin maigida ne, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Ya fitar da fetur daga shago. Ƙofar baya ta kasance a buɗe muddin akwai mutum a ciki. Ya ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe wuta, ya nuna wa kowa yadda ake zare fil ɗinta a nufi gindin wutar. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bazu. Wutar lantarki kuwa sai an fara kashe babban makunni. Ya kuma zaɓi wurin da za a taru a waje, a ƙirga mutane. Ƙananan almajiran sana'a su aka fi mantawa da su, don haka a fara da sunayensu.

Akwai kuma doka a kan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, hukumar Najeriya mai biyan wannan diyya. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci. Wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sanar da maigidansa cikin kwana 14.

Gwamnati ma tana da nata nauyin: ta ba 'yan kwana-kwana mota da ruwa da mai, ta tura masu duba masana'antu, ta kuma hana kasa kaya a kan hanyoyin kasuwa. Motar kashe gobara da ta kasa shiga layi ba ta da amfani ga wanda shagonsa ke ci. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, kiranta kyauta ne.

Aikin gida: zana wurin aikinka a takarda, ka sa alama a kan kowace ƙofa, ka rubuta sunan wanda yake riƙe da makullinta. Ka kawo takardar a darasi na gaba.