Yadda za ka koma rubutu bayan ka daɗe da jingine biro

Ni kam shekara 3 cur na yi ban rubuta ko layi ɗaya ba in ka cire saƙon WhatsApp da lissafin cefane, saboda haka abin da zan faɗa maka nan abin da na gwada ne a kaina.

Da farko je ka kwaso tsofaffin kayanka. Nawa suna cikin wata jakar bakko a ƙarƙashin gado, gara ta ci rabin littafi ɗaya, sauran kuma suna cikin tsohuwar waya da sai da na kai ta unguwar PZ a nan Zariya aka canza mata batir kafin ta yarda ta kunnu. Ka zauna ka karance su tas, amma don Allah kar ka yaga komai ranar farko, saboda kunya za ta kama ka, za ka ce wai ni na rubuta wannan shirmen, alhali bayan kwana biyu shi shirmen za ka ga da ɗan abin tsinta a ciki. Ka kasa su uku: wanda har yanzu yake motsa maka rai, wanda ya mutu murus, da wanda ba ka gane kansa ba tukuna.

To ga inda aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke tsallakewa. Kar ka ɗora daga inda ka tsaya. Wanda ya fara rubutun nan ɗan makaranta ne a Samaru mai yini a laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, yana tsara waƙoƙin soyayya don 'yan aji su ce kai wane ka iya Hausa, yanzu kuwa kai magidanci ne ko ke uwar 'ya'ya biyu ce, da wannan mutumin da ku ai sai dai a gaisa. Ɗauki takarda ka amsa tambaya ɗaya tak: wa nake yi wa? Kada ka ce "al'umma", al'umma ba ta da kunne. Zaɓi mutum ɗaya da ka san fuskarsa. Ni ƙanina na zaɓa, yaron an haife shi a cikin ganuwar Zariya amma bai san dalilin da ya sa ake cewa Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan ba, nan take na gane labarin unguwanni da na tsofaffinmu nake son rubutawa, ba soyayya ba. Dubi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma, da ta fara fitowa nan Zariya a Janairun 1939, ai ta san mai karanta ta sarai, har kuɗin da zai biya yana cikin sunanta.

In ka samu amsar sai ka koma kan kashi na uku ɗin nan da ba ka gane kansa ba, yanzu za ka ga wanda ya dace ya bi ka.

Sai lokaci. Minti 20 bayan sallar Asuba ya isa, kafin yara su tashi kafin 'yan acaɓa su fara hon. Kar ka ɗaukar wa kanka alkawarin shafi 10 kullum, sati ɗaya za ka yi ka gudu. In ranar ta kufce maka, ta kufce, ba a ramuwa, ba azumi ba ne.

Maganar kayan aiki ba ta da yawa. In da waya kake yi sa Hausa a Gboard don ka samu ƙ da ɗ da ɓ, kuma ka riƙa ajiyewa a Google Drive ko ka tura wa kanka ta imel, waya ba ta da amana. Ka ajiye biro da littafi mai shafi 40 a kusa saboda ranar da NEPA suka yi halinsu caji ya ƙare.

Na ƙarshe, kar ka yi shela. Wannan "na dawo da ƙarfina" da ake yi, sau biyu ina yin ta ina sake ɓacewa. Bari sai ka tara guda 4 ko 5 da ka gama, sannan ka miƙa wa wancan mutum ɗaya da ka zaɓa, ka zauna kusa kana kallon fuskarsa yana karantawa. Ƙanina a shafi na biyu ya ɗauki wayarsa ya fara latse-latse, washegari na yanke shafin gaba ɗaya.